Yadda Ake Canza Tiyon Man Motar Baba Ba Tare da Ta Tashi Ba

Ina ba ka tabbaci, ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda na jero su, aikin da kowane bakanike zai gama tsakanin karin kumallo da azahar, kai za ka ja shi ya kai wata huɗu, motar kuma ba za ta gusa daga inda take ba ko taku ɗaya. Ni na gwada. Shekara goma sha tara ina gyaran manyan motocin dizal, ban taɓa ɗaura noti a karkace ba, don haka in na ce maka na san yadda ake ɓata aiki cikin tsari, ka yarda da ni. Wanda bai iya gyara ba, ɓarnarsa ma ba ta da fasali.

Kayan aiki

Ka tanadi babbar mota mai shan dizal, tsohuwa, mai fizga a hanya kamar tana shaƙuwa. Sifana lamba goma sha bakwai da goma sha tara, sukundireba, jarkoki, tsummokara. Sai uba guda ɗaya, direba, wanda ya shekara arba'in da uku a kan sitiyari bai taɓa taka ko kaza ba, kuma yana sanar da duk wanda ya zauna kusa da shi. Sai takardar likitan ido, wadda ta ce hawan jinin ido ne, ganin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma yana kan hanya. Takardar tana cikin gwangwanin da mahaifiyarka ke ajiye allura da zare, saboda Baba ya ce likitan yaro ne, bai san komai ba.

In babu irin wannan uban a gidanku, tsaya nan, je ka gyara motarka kamar kowa. Allah ya ba da sa'a.

Mataki na 1: Karɓi aikin hannu bibbiyu

Wata rana da la'asar Baba zai shigo da motar cikin gida, madubin gefe yana reto, jikinta a goge tun daga ƙofa har baya. Kafin ya sauko labari ya riga shi isowa: ya kwashe amalanken mai lemo da ke ajiye a bakin titi. Mai lemon ya tsira ne saboda ya yi tsalle ya faɗa kwata.

Baba zai sauko ya ce, "Motar ce ta fizga. Iska take sha. Tiyon man nan tun na kamfani ne, duk sun tsattsage, bututun cikin tanki ma na san ya yi tsatsa. Ka canza su gaba ɗaya."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa game da motar. Tiyon sun tsage, tana shan iska, tana fizga. Sai dai amalanken yana gefen da idonsa ya daina gani tun bara, kuma kowa a gidan ya sani.

Ka ce, "To, Baba."

Ba da jimawa ba Inna za ta kira ka kicin, wai famfo yana ɗiga. Famfon lafiyarsa ƙalau. Za ta ja ƙofa ta ce, "Aikin nan kwana nawa ne?"

"Wuni ɗaya ma ba zai kai ba, Inna."

Za ta dube ka irin kallon da take maka kana yaro in ka yi magana a gaban baƙi. "Na ce kwana nawa ne?"

"Au. Sai dai abin da hali ya yi."

"Allah ya yi maka albarka."

Kar ka ce don me ba za a faɗa masa gaskiya kai tsaye ba. Yayarka ta gwada. Washegari ya ɗauki lodin siminti ya yi tafiyar kwana biyu, don kawai ya nuna mata, Inna kuma ta yi kwana biyun nan a bakin ƙofa da waya a hannu. Muddin motar nan na tashi, Baba zai hau titi, kuma wani mai amalanken ba lallai ya iya tsalle ba. Aikinka ke nan, ka riƙe shi da kyau.

Mataki na 2: Zuƙe tanki, amma kar ka yi garaje

Nemi tiyo mafi siranta a cikin akwatin kayanka, irin wanda ake zuƙar man babur da shi. Da shi za ka kwashe tankin babbar mota zuwa jarka. Wuni guda zai ci. In Baba ya tambaya, ka ce babban tiyo yana tayar da dattin ƙasan tanki.

Daga nan ka sauke tankin ƙasa. Babu buƙatar hakan, tankin a gefen mota yake, notuna shida ne kawai a samansa, amma ka sauke. Wanke shi. Sake wankewa. Kifa shi a rana kwana uku, ka ce ɗigon ruwa ɗaya in ya shiga injekta mai fesa wa inji mai an shiga uku. Wannan ma gaskiya ce, shi ya sa Baba zai gyaɗa kai. Ƙwararren maƙaryaci ba ya ƙirƙirar komai, gaskiya yake ɗauka ya ajiye ta inda ba a buƙatarta.

A rana ta biyu za ka ga Baba ya jawo kujerar roba ya dasa ta a inuwar motar, da kofin shayinsa. Ka saba da ganinta. Nan za ta zauna har ƙarshen wannan darasi, da shi a kanta.

Mataki na 3: Fito da bututun zuƙo

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba: a cikin tanki akwai bututun ƙarfe a tsaye, bakinsa na ƙasa da 'yar rariya, shi ke zuƙo mai ya tura wa tiyo, tiyo ya kai wa filta, filta ta kai wa inji. In ya huje, inji ya sha iska maimakon mai. Dizal kuwa ba ya wasa da iska, kumfa kaɗan sai ya mutu.

Kwance notunan shida, zaro shi, miƙa wa Baba cikin ladabi. Yanzu ka lura da kyau. Ba zai kai shi kusa da ido ba. Zai ɗora shi a cinya, ya bi shi da yatsu daga sama har ƙasa, a hankali, yana kallon wani wuri can a bango. Sai ya tsaya.

"Ga ramin nan."

Za ka karɓa ka duba. Ramin yana nan, ƙarami, a ɓoye cikin tsatsa. Kai da idanunka biyu lafiyayyu ka juya bututun nan sau uku ba ka gan shi ba.

Ka rubuta wannan a wani wuri: ido kaɗai mutumin nan ya rasa. Hannu da kunne suna nan, kuma sun fi naka.

Mataki na 4: Haɗa baki da mai kayan gyara

Je shagon da kuka saba sayen kaya. Tiyon da kake nema yana nan a naɗe, a rataye daidai saman kan mai shagon. Zauna ka faɗa masa komai. Shi ma tsoho ne, ya san Baba tun kafin a haife ka. Zai goge tabarau, ya miƙe ya sauke tiyon ya tura ƙarƙashin tebur.

"An yi oda," zai ce. "Kaya na kan hanya."

Wannan kalma tana da albarka, amma ba ta wuce mako uku. Baba zai je shagon da ƙafarsa, ya zauna a benci ya ƙi tashi, yana tambaya ta wace hanya kayan ke zuwa, shi ya san duk hanyoyin, babu wadda ake mako uku a kanta. Mai shagon mutumin kirki ne, ƙarya ba ta zauna masa a baki. A ƙarshe zai durƙusa ya ce, "Af, ashe ga wani ya saura."

Kar ka karaya. Da tiyon ya iso, auna shi a gaban Baba sau uku, da murya sama, sannan ka yanka shi ya gaza da yatsa huɗu. Yi salati, dafa kai, zagi kanka. Koma shago. Wannan karon ka dawo da wanda ya fi bakin bututun faɗi, ka ce ai kai ka ɗauka lamba goma ce, ashe takwas ce. Da wannan kai-komon ni na samu kwana goma sha ɗaya. Kai in kana da fuskar tausayi kana iya samun mako biyu.

Mataki na 5: Juya layin mai

Tiyo biyu ne ke zuwa tanki. Ɗaya yana kai mai inji, ɗaya yana dawo da rarar da inji bai sha ba. Ɗaura kowanne a gurbin ɗan'uwansa. Motar za ta tashi da ɗan man da ya rage a filta, ta yi minti biyu tana ruri, ta yi tari, ta mutu. Kai kuma ka fito daga ƙarƙashinta kana sosa ƙeya.

Ni na ɗauka wannan zai ba ni mako guda. Injin bai gama yin shiru ba Baba ya ce daga kan kujera, "Ka juya su."

"Ni, Baba?"

"A'a, ni. Na kaiwa ka ɗaura a na dawowa. Kana ɗan shekara goma sha biyu na koya maka wannan, har na ɗaura wa ɗaya jan zare don kar ka manta."

Rabin wuni kawai na ci da wannan dabara. Sa'ata ɗaya, har yanzu tsohon bututun zuƙo mai rami ne a tanki, sabon da aka yi oda bai iso ba. Ban ba ka shawarar ka yi ta ba. Na saka ta ne don ka san ni malami ne mai gaskiya, ba na ɓoye kurakuraina.

Mataki na 6: Haɗiye sunanka

A kowane gareji akwai bakanike ɗaya da ake kira da wani suna irin Nan-take. Namu haka sunansa. Aikinsa ba ya kwana, ba shi kuma da ƙarko, amma wannan wata magana ce daban. Labarin motar Baba zai kai masa. Wata safiya za ka gan shi ya shigo gidanku yana naɗe hannun riga, da sifana a aljihun baya.

"Baba, barka da hutawa. Ba ni awa ɗaya. In ba ta tashi ba ka canza min suna."

Wallahi kuwa awa ɗayan ta ishe shi. Za ka fara lissafin yadda za ka ja shi gefe. Kar ka wahalar da kanka. Baba ne zai yi maka aikin.

"Na gode, ɗana. Amma a gidan nan akwai bakanike. Shi ya fara, shi zai gama."

Nan-take zai fita yana murmushi, kafin azahar kuma duk garejin sun ji cewa tiyo biyu sun gagare ka wata biyu. Direbobin da ke layi a gabanka za su fara wucewa rumfarsa. Za a sa maka suna. Ni Sai-gobe suka sa min, har mai shayin gareji da shi yake kirana, kuma ina amsawa.

Duk wannan ana iya jurewa. Abin da ba a jurewa shi ne ranar da za ka wuce ta bayan bencin da tsofaffin direbobi ke zama, ka ji ana yi da kai, ka ji muryar Baba ta katse su: "Ku ba ku san aiki ba ne. Yaron nan hannunsa ya fi na duk wanda ke garejin nan. In ya daɗe a kan abu, akwai abin da ya gani." Ni dai ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na koma gida ta wata hanya. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Mataki na 7: Kwanta ƙarƙashin mota ka yi kamar kana aiki

Kullum bayan ka taso daga gareji, shimfiɗa kwali ka shige ƙarƙashinta. Babu abin yi a can, amma dole a ji motsi. Buga sifana a jikin ƙarfe duk bayan minti biyar. Yi tsaki. Kwance kilif ɗaya na ɗaure tiyo, mayar da shi, ce "Yauwa," sannan ka ce "Kash." Kar ka yi barci. Ni na taɓa yi, minsharina ya tona min asiri, sai da na ce numfashi nake sauraro a tiyo.

Wayar Baba za ta riƙa ƙara. Mai siminti ne, yana tambayar yaushe za a ɗauki kaya. Za ka ji Baba yana cewa, "Jibi in Allah ya yarda, saura ƙiris." Daga baya wayar za ta rage ƙara. Daga baya kuma Baba ne zai riƙa kira.

A wannan matakin akwai haɗarin da babu wanda ya gargaɗe ni a kansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a kan hanya, wanda kuka saba ganinsa kwana biyu a wata, yanzu yana zaune taku uku daga kanka kullum, ba shi da abokin hira sai ƙafafunka da suka leƙo daga ƙarƙashin mota. Zai fara magana. Za ka ji inda yake ranar da aka haife ka, a gindin wata gada da taya biyu a fashe, da yadda ya yi tafiyar awa tara a bayan motar wani don ya zo ya gan ka. Za ka ji sunan kowane tudu da motar nan ta taɓa tsayawa a kai. Za ka ji cewa yana tsoron asibiti, abin da ko Inna ba ta sani ba.

Za ka kuma ga abin da ba ka so ka gani. Zai miƙa hannu ya ɗauki kofin shayi, hannun ya sauka a gefensa, ya laluba ya same shi. Wata rana za ka fito ta ɗaya gefen motar ka tsaya, ka ga yana ci gaba da yi wa inda ƙafafunka suke ɗazu magana. Kar ka yi gyaran murya. Zagaya a hankali, ka koma ka kwanta a wurin.

Mataki na 8: Ramin allura

Uzuri yana ƙarewa. Sabon tiyo yana nan, sabon bututun zuƙo ya iso, Baba ya shafa su duka ya ce sun yi. Dole ka haɗa. To ga dabarar da nake alfahari da ita, Allah ya yafe min.

Tafi da sabon bututun gareji, wai za ka wanke shi. Ɗauki bakin injin huda mafi ƙanƙanta da kake da shi, ka yi rami ɗaya a can sama, kusa da murfi, inda mai ba ya kaiwa ko an cika tanki. Share wurin. Dawo ka ɗaura komai daidai a gaban Baba, kowane noti da ƙarfinsa.

Kyawun abin shi ne babu abin da zai ɗiga. Layin zuƙo ba ya zubar da mai, iska yake ja ciki, kuma ramin yana cikin tanki inda hannu ba ya kaiwa. Motar za ta tashi, ta yi kamar da gaske, da an taka totur ta shaƙe ta mutu. Yanzu kana da waɗanda za ka ɗora wa laifi har su ishe ka. Mako na farko filta ce. Na biyu famfon hannu na turo mai. Na uku man ne ba shi da kyau, an gauraya shi. Na huɗu batir ya gaji da yawan tayarwa, wanda a lokacin ma gaskiya ne.

Ni ramin nan ya ba ni mako shida cur. Inna ta fara barci sosai, har ta ɗan yi ƙiba.

Mataki na 9: In ya ce ka kawo jarka

Wata Asabar da hantsi, bayan motar ta sake mutuwa, Baba zai ajiye kofin shayinsa. Sannan ya ce, "Kawo min jarka da mai a ciki."

Tsohuwar dabarar direbobin hanya ce, kai ma ka san ta, addu'a kawai kake kar ya tuna. Zai sa ka cire tiyo daga kan tanki ka tsoma shi kai tsaye cikin jarkar. Zai sa ka tayar. Injin zai kama, ya zauna daram, ka taka totur ya amsa kamar sabo. Minti goma, babu tari ko ɗaya.

"Kashe. Ba filta ba ce, ba famfo ba ne, ba mai ba ne. Zaro min bututun."

Zaro. Babu wata hanya. Zai toshe bakin ƙasa da babban yatsa, ya sa ɗaya bakin a leɓensa ya hura, yana bin jikin ƙarfen da ɗaya hannun. Can sama kusa da murfi yatsansa zai tsaya. Zai sake hurawa. Zai sa farce ya zagaya bakin ramin, sau ɗaya, sau biyu.

Ramin tsatsa bakinsa kaca-kaca yake. Ramin injin huda kuwa zagayayye ne, sumul, kuma bututun nan ko wata biyu bai yi ba. Mutumin da ya koya maka riƙe sifana ya san bambancin.

Ka tsaya ka jira abin da zai ce. Ni na jira tsawa, na jira mari ma, duk da na haura shekara arba'in. Bai ɗago kai ba. Ya miƙo min bututun ya ce, "Kai wa mai walda ya toshe. Gobe da safe za mu haɗa, ni da kai."

A wannan matakin ba ni da wata shawara. Ka kai wa mai walda.

Mataki na 10: Yi aikin daidai

Da safe Baba ba zai zauna a kujera ba. Zai durƙusa kusa da kai a kan kwali, duk abin da za ka ɗaura sai ya bi ta hannunsa tukuna. Sabuwar washa ta tagulla a kowace mahaɗa. Kowane kilif ka ɗaure, ya sa yatsa ya ja tiyon ya ji. Notuna shida na saman tanki, ka ɗaure, ya karɓi sifana ya gwada bayanka. Ba zai yi maganar jiya ba, kai ma kar ka yi.

Sannan a cire iska. Sassauta ɗan notin da ke saman filta, shi ya riƙa danna famfon hannu. Kumfa za ta fito tana tsartuwa, ta ragu, ta ƙare. Zai sa yatsa a wurin ya ji mai yana zuwa wankakke ba kumfa, ya ce, "Ɗaure." Kafin rana ta take kun gama. Na faɗa maka tun farko aikin rabin wuni ne.

Tayar. Za ta kama a bugu ɗaya. Ban taɓa jin injin nan ya yi daɗin sauti irin na ranar ba, kuma duk da tsoron da ke cikina sai da na ji daɗin aikin hannuna. Inna za ta fito bakin kicin da ludayi a hannu, ta tsaya.

Baba zai goge hannu da tsumma, ya ce ka sauko. Zai kama ƙarfen ƙofa ya hau, ƙafarsa ta san kowane mataki. Zai gyara zama, ya dafa sitiyari, ya ɗora hannu a kan giya. Sai ya ce, "Buɗe min ƙofar gida."

Je ka buɗe. Ka wangale ta duka, ɓangare biyun, har bango. Sannan ka dawo tsakiyarta ka tsaya. Ban tsara wannan ba, ƙafafuna ne suka ƙi matsawa. Rana tsaka, sararin sama tas, ni da shuɗiyar rigar aiki, taku goma daga gilashin motar, daidai saitin sitiyari.

Zai dubi gaba. Zai daɗe yana duba. Zai taka totur sau ɗaya, injin ya amsa. Sannan ya leƙo da kai ta taga, ya juya wajen kujerar roba, ya ɗaga murya sama da ƙarar injin.

"Wai har yanzu ba ka buɗe ba ne? Kana ina?"

Ka amsa daga inda kake. "Ga ni nan a gabanka, Baba. A buɗe take."

Zai mayar da kansa ciki, ya sake duban inda muryarka ta fito. Injin zai ci gaba da aiki, lafiya lau, babu fizga, babu tari. Ban san minti nawa aka yi a haka ba. Sai ka ji ya murɗa makulli, gidan ya yi tsit.

"Har yanzu tana shan iska," zai ce. "Ina jin ta a ƙafata. Kai ba ka ji ba?"

"Na ji, Baba."

"To. In ka samu sarari ka sake dubawa." Zai zare makullin ya riƙe shi a tafin hannu na ɗan lokaci, sannan ya tura ƙofar motar. "Zo ka kama ni in sauka."

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba ya ɗaukar alhakin komai. Ba ruwansa da direbobin da suka bar rumfarka, ko sunan da aka laƙaba maka a gareji, ko mai kayan gyara da yanzu yake tsallaka titi in ya hango ka. Ba ruwansa da babbar motar da ke tsaye a tsakar gidanku, lafiyarta ƙalau, da sabbin tiyo, wadda duk unguwa ta san ta gagari ɗan gidan. In an tambaye ka, ka ce ana kan aiki.

Haka nan kar wanda ya zo ya ce min ban gargaɗe shi game da saukowar nan ba. Ni ma babu wanda ya gargaɗe ni. Na je na tsaya a gindin ƙofar motar, na dage, na ɗaure jiki don in tallafi mutumin da nake gani kamar dutse tun ina yaro. Ya ɗora hannu a kafaɗata ya sauko, kuma wallahi ban ji nauyin komai ba.